Kwalejin Tudun Wada da Batun Filin Wasa: Waiwaye Kan Tarihi

Duk wanda ya baro Kano ta hanyar Zariya, ya karkata a Kwanar Dangora ya nufi Jos, sai ya ratsa Tudun Wadar Dankadai kafin ya shiga dajin Falgore. A wannan gari ne Kwalejin Share Fagen Shiga Jami'a ta Rabi'u Musa Kwankwaso take, wadda aka kafa a zangon mulkinsa na biyu, tsakanin 2011 da 2015. Ga yaran yanzu, ganin kwaleji a Tudun Wada ba wani abin mamaki ba ne, amma ga waɗanda suka yi karatu a shekarun 1970 da 1980 daga Bebeji ko Kiru ko Doguwa, al'amari ne babba, domin a zamaninsu duk ɗalibin da ya gama sakandare yana son ƙari, tilas ya ɗaure akwatinsa ya tafi birni ko Zariya. Nufina a wannan rubutu shi ne in waiwayi yadda ilimi mai zurfi ya iso gare mu, in kuma duba wani ɓangare nasa da ba mu cika tattaunawa a tarukan ƙungiya ba, wato wasanni.

Tun farkon zuwan boko ƙasar Hausa, makaranta da filin wasa tare suka zo. Makarantar Ɗan Hausa da aka buɗe a Nasarawa cikin 1909 da Kwalejin Katsina ta farkon shekarun 1920 duk an tsara su ne bisa ra'ayin Turawan Ingila na cewa horon jiki wani yanki ne na tarbiyya. A Katsina ne aka koya wa ɗalibai kurket da wasan fayif, wanda ake buga ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, kuma sananne ne cewa Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, ya riƙe wannan wasa har bayan ya zama Firimiya. Sai dai waɗannan makarantu na 'ya'yan sarakuna ne da 'yan ƙalilan da aka zaɓo. Yaron ƙauye a ƙasarmu yana da nasa fagen tun kafin nan: kokawa bayan an kawar da amfanin gona, dambe a wajen mahauta, langa a dandali idan farin wata ya fito, sharo kuma a wajen Fulani. Babu malamin wasanni, babu usur, amma akwai ƙa'ida, akwai kuma dattijan da ke raba gardama.

Canji na gaske ya fara ne bayan ƙirƙiro Jihar Kano a 1967. Gwamna Audu Bako ya mai da hankali ga kudancin jihar saboda ruwa da ƙasar noma, ya gina madatsar ruwa ta Bagauda, sa'annan ta Tiga wadda aka kammala a 1974, duka a ƙasar Bebeji. Ayyukan nan sun jawo injiniyoyi da leburori da direbobi daga ko'ina a Nijeriya, kuma duk inda ma'aikata suka yi sansani, ba a daɗewa sai a ga an kafa turaku biyu an share fili. A nan akwai wata alaƙa da matasa da yawa ba su sani ba. Hukumar WRECA, mai aikin madatsun ruwa a jihar, tana da ƙungiyar ƙwallon ƙafa tata, kuma ita ce ɗaya daga cikin ƙungiyoyi uku da aka haɗe a 1990 aka samar da Kano Pillars, sauran biyun su ne Golden Stars da ta Bankin Arewa. Saboda haka idan mutumin Tiga ya yi ihu a filin wasa na Sani Abacha, yana da hujjar cewa akwai ruwan garinsu a jinin ƙungiyar da ta ci kofin ƙasa a 2008, ta kuma sake ci sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014.

Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kai makaranta kusan kowane babban ƙauye, daga bisani sakandare suka biyo baya. Na yi imani wancan lokaci shi ne zamanin da wasannin makaranta suka fi armashi a yankinmu. Gasar gidaje ta shekara-shekara biki ce ta gari baki ɗaya: a zana layukan tsere da toka ko farar ƙasa, a kafa rumfa don hakimi da manyan baƙi, masu rake da masu ƙosai su kewaye fili. Yawancinmu ba takalmi muke gudu, wanda ya zo na ɗaya kuwa ladansa bokiti ne ko sabulu ko littattafan rubutu. Amma daga nan ake zaɓen waɗanda za su wakilci makaranta a shiyya, daga shiyya zuwa jiha, kuma tun da aka fara Bikin Wasanni na Ƙasa a Legas a 1973, yaro ya san akwai tsani, ko da bai hau har ƙarshe ba.

Inda tsanin ke karyewa shi ne bayan sakandare. Wanda ya sami gurbi a birni ya ci gaba da wasa a can, sunan wata unguwa ko wata makaranta ya hau kansa. Wanda bai samu ba ya koma gonar masara ko shinkafa, ko ya hau babur, ƙafarsa ta mutu a banza. Manyan cibiyoyin da aka kawo yankin daga baya ba su toshe wannan giɓi ba, domin ba don haka aka yi su ba. Makarantar Horar da Lauyoyi da ta gaji harabar otal ɗin Bagauda tana karɓar manya ne daga faɗin ƙasa, su yi watanninsu su tafi. Cibiyar gyaran tarbiyya ta Kiru aikinta daban ne. Cibiyar koyar da wasanni da gwamnatin Kwankwaso ta kafa kuwa, a Karfi aka ajiye ta, cikin Ƙaramar Hukumar Kura, kusa da mu amma ba a hannunmu ba.

Wannan shi ya sa kwalejin Tudun Wada ta bambanta. Irinta ta samo asali ne daga kwalejin CAS ta birnin Kano, wadda tun shekarun 1970 take ba ɗalibai dama ta biyu: wanda takardarsa ba ta cika ba ya gyara, wanda ta cika ya yi karatun IJMB na Jami'ar Ahmadu Bello ya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Makaranta ce ta ɗan talaka, kusa da gida, inda ɗan Riruwai ko Dangora zai iya zuwa ba tare da mahaifinsa ya sayar da bijimi ba. Kuma shekarun ɗalibanta, daga goma sha bakwai zuwa ashirin da 'yan kai, su ne ainihin shekarun da ɗan wasa ke nuna ko ya lalace.

Amma akwai matsala a cikin tsarin kansa, kuma ba laifin kowa ba ne. Ɗalibin share fage baƙo ne, shekara ɗaya ko biyu zai yi. Kafin mai horarwa ya gane wane ne mai tsaron gida, wane ne ɗan gaba, rabin ƙungiyar sun tafi. Manyan gasannin ɗalibai na ƙasa kuma an yanka su ne daidai jikin wasu: NUGA, wadda aka fara a Ibadan a 1966, ta jami'o'i ce, NIPOGA ta kwalejojin fasaha, NICEGA ta kwalejojin ilimi, kuma ba kowace shekara ake yin su ba. Ɗalibin IJMB zai iya shiga ya fita ba a yi ko ɗaya ba.

Amurkawa sun gamu da wannan matsala tun da daɗewa. Suna da kwalejojin shekara biyu na gwamnati, masu araha, a gefen birane da ƙananan garuruwa, waɗanda ta farkonsu aka buɗe a Joliet ta Jihar Ilinoi a 1901. Da suka ga babu wurinsu a gasar jami'o'i, sai suka kafa tasu ƙungiyar wasanni a 1938, wadda yanzu take da kwalejoji fiye da 500. Dabararsu ita ce ba su ɗauki gajeren zaman ɗalibi a matsayin asara ba: gasa kowace shekara, tsakanin maƙwabta, kuma burin mai horarwa shi ne ya miƙa yaronsa gaba. Jimmy Butler, fitaccen ɗan ƙwallon kwando, manyan jami'o'i ba su kula shi ba da ya gama sakandare. Ya yi shekara ɗaya a ƙaramar kwalejin Tyler a Jihar Teksas, daga can Jami'ar Marquette ta ɗauke shi, a 2011 kuma ya shiga gasar NBA. Ba na cewa mu kwaikwayi Amurka a komai, domin aljihunmu da nasu ba ɗaya ba ne. Abin ɗauka shi ne sun gina gasar daidai tsawon zaman ɗalibin.

A ganina wannan aiki ne da ƙungiyoyin ci gaba irin tamu za su iya sa hannu a ciki ba tare da jiran kasafin kuɗin jiha ba. Ƙananan hukumomi huɗu ne a jere kan hanya ɗaya, kowace da sakandare da ƙungiyoyin matasa. Kofi ɗaya a shekara, a lokacin rani bayan girbi, wanda ƙungiyar kwalejin za ta kara da zaɓaɓɓun 'yan wasan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, ba zai ci kuɗin da muke kashewa a walimar naɗin sarauta guda ba. Kada kuma a tsaya ga ƙwallon ƙafa kaɗai. Tsere da kokawa da langa ba sa buƙatar kaya masu tsada, kuma 'yan mata, waɗanda tarihin nan gaba ɗaya ya bari a bayan fage, za su iya samun nasu rukuni na ƙwallon raga da tsere a cikin harabar makaranta, ƙarƙashin kulawar malamansu mata. A Kano ake gudanar da gasar matasa ta kofin Ramat, ta tunawa da Janar Murtala Muhammed, kuma ya kamata mu nemi masu zaɓen 'yan wasan jiha su riƙa zuwa Tudun Wada ranar wasan ƙarshe.

Ina ba da shawarar kwamitin ilimi na ƙungiya ya sa wannan batu cikin ajandar babban taro mai zuwa, ya kuma naɗa mutum uku, ciki har da tsohon malamin wasanni guda, su gana da hukumar kwalejin kafin a shiga damina.