Daga Alƙalami Zuwa Kyamara: Gudummawar Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino

Duk lokacin da aka tashi lissafa waɗanda suka gina masana'antar finafinan Hausa, sunayen jarumai ne ke fara zuwa baki: Ibrahim Mandawari, marigayi Rabilu Musa Ibro, Ali Nuhu da ire-irensu. Ba a yi ƙarya ba, domin fuskar da ke kan allo ita mai kallo ya sani, kuma naɗin Ali Nuhu a matsayin shugaban Hukumar Finafinai ta Nijeriya a 2024 ya nuna inda wannan sana'a ta kai mai ita. Sai dai lissafin bai cika ba. Da'awar wannan maƙala ita ce, kafin a sami 'yan kallo sai da aka sami masu karatu, kuma marubutan da suka tara waɗannan masu karatu a Kano daga tsakiyar shekarun 1980 su ne suka share filin da fim ya zo ya zauna a kai. Mutum biyu za su ishe mu hujja, domin dukansu sun yi suna a littafi sannan suka tsallaka fim: Hajiya Balaraba Ramat Yakubu da Malam Ado Ahmad Gidan Dabino.

Sai an dubi yadda ƙagaggen labarin Hausa ya taso kafin a gane girman abin da suka yi. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Gasar kamfanin NNPC na Zariya ce ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980. Wato kusan rabin ƙarni, hukuma ko kamfanin da ke jingine da ita ne ke kiran marubuci, ya tace aikinsa, ya buga, ya kai makarantu. Ɗalibi na karantawa ne don jarrabawa na jiransa. Da tattalin arziki ya karye, aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu na 1986, takarda ta yi tsada, manyan maɗaba'u suka ja da baya daga buga labarai. A daidai lokacin kuma yawan masu iya karatun boko da Hausa yana ƙaruwa, albarkacin shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976 da Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano da aka kafa a 1980 zamanin gwamna Abubakar Rimi. Ga masu karatu, babu abin karantawa.

Balaraba da Ado dukansu sun ɗanɗani ajin yaƙi da jahilci, kuma wannan ba ƙaramin al'amari ba ne a tarihinsu. Ita an haife ta a Kano a 1959, ƙanwa ce ga marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad, amma wannan bai hana a cire ta daga makaranta a yi mata aure tana shekara 13 ba. Auren bai daɗe ba, kuma daga baya ta koma ta nemi karatu a ajin manya. Shi an haife shi a 1964, ya taso da karatun allo, boko kuwa sai da ya girma ya same shi a ajin yamma. Ba su fito daga jami'a suna neman masu karatu ba. Daga cikin masu karatun suka fito. Sun san abin da matar aure a cikin gida ke son ji, sun san abin da ke cin ran saurayi marar ko sisi. Da su da abokan aikinsu irin su Ɗan'azumi Baba suka kafa ƙungiyar Raina Kama, marubuci ya tara kuɗinsa, ya kai wa mai injin buga takardu, ya ɗauki kayansa ya kai kasuwa da kansa.

Wanda ya taɓa riƙe irin waɗannan littattafai ya san kamanninsu: ƙanana ne, takardar mai arha, bango da zanen budurwa ko saurayi, hoton marubuci da adireshinsa a baya, labarin kuma a yanke shi kashi na ɗaya da na biyu, wani lokaci har na uku, a tsaya daidai inda ran mai karatu ya fi ɗaukuwa. Kwafi ɗaya yakan zaga gida biyar, ya dawo bango ya yage an liƙe shi da salatif. Akwai masu bayar da haya, akwai gidajen rediyo da ke karanta su ga waɗanda ba su iya karatu ba.

Masu suka sun ce duk soyayya ce, kuma kwaikwayon finafinan Indiya ne. A kan In Da So Da Ƙauna na Ado, wanda ya fito a farkon shekarun 1990, maganar tana da ɗan tushe: Sumayya 'yar masu kuɗi tana son Muhammad talaka, iyaye suka nace sai ta auri mai hali, har ta kai ga faɗawa rijiya. Brian Larkin ya yi nazarin wannan dangantaka da finafinan Indiya a 1997. Amma auren dole ba daga Indiya aka kawo shi Kano ba, kuma abin da ya sa littafin ya karɓu shi ne matasa sun ga rigimar gidajensu a rubuce da harshensu. Idan aka zo kan Balaraba kuwa, sukar ba ta da wurin tsayawa ko kaɗan. A Alhaki Kuykuyo Ne na 1990, Rabi mace ce mai 'ya'ya tara, mijinta Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne mai hali amma kuɗin cefanen da yake bayarwa ba ya isar gida. Ya auro Delu, aka yi rikici, ya kori Rabi da 'ya'yanta. Abin da marubuciyar ta tsaya a kai ba hawaye ba ne, lissafi ne: kuɗin haya, kuɗin makaranta, tukunyar abincin sayarwa da Rabi ta ɗora don ta riƙe yaranta. Kuma da duniya ta juya wa Alhaji Abdu baya, shagonsa ya ƙone, dangi suka taru suka matsa wa Rabi ta koma, Balaraba ba ta yi wa mai karatu daɗin baki ba. Ta bar shi da ɗacin ganin mace ta tsaya da ƙafarta, sannan an mayar da ita ɗakin da aka wulaƙanta ta. A ganina, kafin wannan littafi babu ƙagaggen labarin Hausa da ya buɗe tattalin arzikin gidan aure ya nuna cikinsa haka. Wa Zai Auri Jahila? ma haka ya yi da batun cire yarinya daga makaranta, abin da marubuciyar ta sani a jikinta.

Muhawarar da aka tafka a jaridu a shekarun 1990 sananniya ce ga manazarta. Ibrahim Malumfashi ya kira wannan rubutu Adabin Kasuwar Kano, yana ganin yayi ne da zai wuce kamar adabin kasuwar Onica. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya wa rubutun, Ibrahim Sheme kuma ya ba muhawarar fili a shafinsa na adabi. Adalci ne a ce Malumfashi ya faɗi gaskiya a wani ɓangare. Da yawa daga littattafan ba su ga edita ba, ƙa'idojin rubutu a karye, labari ɗaya a maimaita shi da sababbin sunaye. Inda hukuncin ya yi tsauri shi ne auna ɗaruruwan marubuta da mudu ɗaya. Kowane adabi mai rai yana da tarkace, kuma ba da tarkacen ake yi masa hukunci ba.

Da fim ɗin bidiyo ya kunno kai da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, marubutan nan ba su tsaya kallo ba. Ado ya mayar da In Da So Da Ƙauna fim, an mayar da Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Ahmad Funtuwa fim, haka ma Alhaki Kuykuyo Ne a ƙarshen shekarun 1990. Hanyar da littafi ya bi, ita kaset ya bi: 'yan kasuwa iri ɗaya, shagunan haya iri ɗaya, matan cikin gida iri ɗaya. Jarumin farko bai sha wahalar neman masoya ba, domin ya shiga rigar mutumin da dubban jama'a suka riga suka sani a takarda. Ado kansa ya zama ɗan wasa, ya rubuta wasan kwaikwayo irin su Malam Zalimu, kuma a 2014 gwamnatin tarayya ta ba shi lambar girmamawa ta MON. Balaraba ta shirya Juyin Sarauta, fim na rayuwar fada a zamanin da, wanda Falalu Ɗorayi ya ba da umarni, Ado kuma ya fito a ciki. Duk wanda ya kalle shi zai ga bambancin fim ɗin da marubuci ya zauna ya yi wa bincike, tun daga sutura har zuwa yadda bafade ke magana a gaban sarki, da wanda aka ƙulla labarinsa a wurin ɗauka.

Wannan bambanci shi ne abin da masana'antar ta yi asararsa a shekarun da waƙa da rawa suka zama su ne jarin fim, musamman bayan nasarar fim ɗin Sangaya. An riƙa tsara waƙoƙi tukuna, sannan a nemo labarin da za a rataya su. Sunan marubuci ya koma can ƙasan jerin sunaye, ladansa kuma bai kai na jarumi ko kusa ba. Abin lura ne cewa da tashar Arewa24 ta zo da shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa, marubutan littafi ta nema, irin su Fauziyya D. Sulaiman da Nazir Adam Salih, domin shiri mai ɗaruruwan fitowa ba ya tsayuwa a kan fuska kaɗai.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke jiran na waje ya yaba kafin mu yarda. A 2007 an ƙona littattafan Hausa a wata makarantar 'yan mata a Kano a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Shekara biyar bayan haka, a 2012, kamfanin Blaft na ƙasar Indiya ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne ta Ingilishi da Aliyu Kamal ya yi, sai ga sunan Balaraba a manyan jaridun duniya. Littafin bai ƙaru da komai ba tsakanin 1990 da 2012. Mu ne muka makara. Hatta cikakken jerin sunayen waɗannan littattafai na 1987 zuwa 2002, Graham Furniss na jami'ar Landan da abokan aikinsa ne suka tattara suka buga.

Yau kasuwar littafin takarda ta ja baya, rubutu ya koma waya, kuma takardar da aka buga littattafan farko da ita ba mai jure shekaru ba ce. Ya kamata sassan nazarin Hausa na jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo su haɗa hannu da marubutan, su tace manyan ayyukan nan, su sake buga su da bango mai ƙwari, su adana kasa-kasan finafinan da aka yi daga gare su, su kuma naɗi tarihin marubutan daga bakinsu tun suna raye.