Na Ɗaya Yana Hannu, Na Ƙarshe Ba a Rubuta Ba

Wata ƙanwata da ke aure a Hunkuyi ta turo mini tambaya kwanakin baya. An yi mata tallar wani littafin yaƙi a WhatsApp, irin mai aljanu da matsafa da sadaukai, ya wuce kashi goma, marubucin kuma bai ce ga ranar gamawa ba. Ta ce, "Yaya, in fara, ko in bari sai ya kammala?" Na daɗe ban ba ta amsa ba, don tambayar ta girme mu duka.

Uwar irin waɗannan labarai ita ce Dare Dubu da Ɗaya, wadda Frank Edgar ya fitar da Hausarta a 1924. Sunan kansa alkawari ne, amma an daɗe ba a cika shi ba. Tsohon rubutun Larabci na ƙasar Sham da Bafaranshen nan Antoine Galland ya dogara da shi, lokacin da ya fara fassararsa a 1704, bai kai dare 300 ba ya yanke. Daga baya ne marubutan Masar suka yi ta cusa labarai har lissafin ya cika, aka buga shi a Bulaƙ a 1835. Ke nan mutane sun shekara ɗaruruwa suna jin daɗin littafin da ba shi da ƙarshe. Dabarar Shaharzad ma ai ita ce yanke labari da asuba a daidai inda ya fi daɗi. Ita dai ranta take karewa, ba kuɗin kati take nema ba.

A nan ƙasar Zazzau aka fara wani salo dabam. Da Rupert East ya shirya gasar rubutu ta 1933 daga ofishin fassara na Zariya, littattafan da suka fito, irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, ƙanana ne, kowanne ya ƙare a cikin bangonsa. Magana Jari Ce, da ya fito tsakanin 1937 da 1939, kashi uku ne, sai dai Imam ya gina shi yadda wanda ya sami na ɗaya kaɗai ba a cuce shi ba: aku ya ba da labari, labarin ya ƙare, gobe a ɗauko wani. Ga kuma hukuma a bayan aikin. Kuɗin bugu ba daga aljihun marubuci yake fitowa ba, balle na biyu ya tsaya jiran cinikin na farko.

Wannan shi ne abin da ya canja a ƙarshen shekarun 1980, da adabin kasuwar Kano ya kankama. Marubuci shi ne mai buga littafinsa. Sai ya raba labari gida uku ko huɗu, siraran littattafai masu arha, ya buga na ɗaya ya kai wa dillalai a Sabon Gari. Abin da ya dawo shi zai sayi takardar na biyu. In kasuwa ta ƙi, ko kuɗi suka maƙale a hannun dillali, shi ke nan, jarumi ya tsaya da takobi a sama har yau. Littattafan soyayya suka fara, na yaƙi suka biyo, irin waɗanda Abdul'aziz Sani Madakin Gini ya yi suna da su, kuma su suka fi kowa tsawo.

Mu da muka tashi a Ikara da Makarfi da Kudan, wahalarmu biyu ce. Ga mu tsakanin Zariya da Kano, amma littafi ba ya iso mu sai mai shagon haya ya je sari, ko wani ya kai rake birni ya taho da shi. Sau da yawa na ɗaya da na uku ne a shago, na biyu wata ta ara ta tafi da shi ɗakin miji. Na taɓa karanta wani littafi a haka, na cike giɓin da kaina. Da na sami na biyun bayan shekaru, wallahi nawa ya fi nasa daɗi.

Kada a ɗauka mu kaɗai ne. George R. R. Martin na Amurka ya fara jerinsa da A Game of Thrones a 1996, na biyar ya fito a 2011, masu karatunsa suka shiga jiran na shida shekara da shekaru, har fim ɗin da aka yi daga littattafan ya ƙare a 2019 ya bar su. Robert Jordan kuwa rasuwa ya yi a 2007 bai gama The Wheel of Time ba. Ya dai bar bayanai, Brandon Sanderson ya ƙarasa, na 14 ya fito a 2013.

Yau waya ta kashe matsalar sufuri, ta farfaɗo da ta Kano. Ana ba ka shafukan farko kyauta, sai labari ya kai maƙogwaro a ce sauran na kuɗi ne. Ban ga laifin marubuci ya ci guminsa ba. Abin da ya bambanta shi ne yanzu mai karatu ke biya tun kafin a rubuta, don haka in labari ya mutu a hanya, asarar tasa ce.

Ga abin da na ce wa ƙanwata: ta karanta kashin farko, ta duba ko an warware wani ƙulli ko ɗaya a cikinsa. In an warware, marubucin ya san hanyar gida, ta bi shi ko da bai iso ba, kamar yadda aka bi akun Imam. In kuwa kowane shafi sabon aljani ne da sabon birni, ba a rufe ko ƙofa ɗaya ba, ta riƙe kuɗinta. Na ƙara da cewa ta bincika ko ya taɓa gama wani littafi a baya.

Jiya ta kira ni. Ta riga ta kai kashi na shida, wai tun kafin ta tambaye ni ta fara.