Tarihin Gano Jiragen Ruwa ta Hanyar Lantarkin Teku

Ruwan teku, saboda gishirin da ke cikinsa, yana ɗaukar lantarki kamar yadda waya take ɗauka, ko da yake bai kai ta ƙarfi ba. A kan wannan ɗabi'a ne aka gina dabarar gano jirgin da ido bai gani ba, kunne kuma bai ji ba.

A shekarar 1832 Michael Faraday ya zura faranti biyu na jan ƙarfe daga gadar Waterloo zuwa cikin kogin Thames a Landan. Ya yi hasashen cewa ruwan da ke gudu a cikin maganaɗisun duniya zai haifar da lantarki. Hasashen daidai ne, amma kayan awonsa ba su da laushin da za su nuna haka, don haka ya tashi ba tare da sakamako ba.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya mayar da tambayar masana ta zama ta rai da mutuwa. Jiragen ƙarƙashin teku na Jamus sun yi wa Ingila ɓarna ƙwarai, sai rundunar ruwanta ta shiga shimfiɗa zoben waya a ƙasan teku a bakin tashoshi. Jirgin ƙarfe tamkar babban maganaɗisu ne. In ya ratsa ta saman zoben sai ɗan lantarki ya motsa a cikin wayar, allura ta girgiza a ɗakin tsaro da ke gaɓa. Ranar 28 ga Oktoba, 1918, jirgin Jamus mai lamba UB-116 ya nemi kutsawa mashigin Scapa Flow a arewacin Sukotland. Na'urorin sauraro suka ji shi, zoben ya nuna inda yake, aka tayar da nakiyoyi daga tudu. Babu wanda ya tsira a cikinsa. Sai dai allura ba ta bambanta abokin gaba da ɗan gari: a daren 31 ga Mayu, 1942, zoben tashar Sidni a Ostireliya ya nuna shigowar wani ƙaramin jirgin Japan, masu tsaro suka ɗauka ɗaya ne daga cikin jiragen da ke kai da kawo.

Zoben yana bin maganaɗisu ne. Auna lantarkin da jirgi ke zubarwa cikin ruwa kuwa wani fage ne dabam, kuma ya fi ban sha'awa. Jikin jirgi ƙarfe ne, farfelarsa galibi tagulla ce, ga ruwan gishiri a tsakani; wannan batir ke nan. Lantarki yakan fita daga jiki, ya bi ruwa zuwa farfela, ya komo ta sandar da ke juya ta. Maganin tsatsa ma yana ƙara shi, wato dabarar da Humphry Davy ya gwada a 1824 ta liƙa tutiya ko baƙin ƙarfe a jikin jirgi don su ci tsatsa a madadinsa. Da yake sandar tana juyawa, lantarkin yakan yi ta hawa da sauka daidai da juyinta, har mai awo ya iya ƙidaya saurin farfela.

Na'urar awon kanta ba ta da wuyar fahimta: sanduna biyu na azurfa da aka lulluɓe da gishirin azurfa, a ajiye su nesa da juna, a auna bambancin da ke tsakaninsu. Wahalar tana wajen ƙanƙantar abin da ake nema, domin igiyar ruwa da cikar teku suna haifar da nasu lantarkin, wato dai abin da Faraday ya nema ya rasa shi ne ya dawo ya zama hayaniyar da injiniyoyi ke fama su tace. Masu ƙera jiragen yaƙi kuma sun mayar da martani ta hanyar haɗa sandar farfela da jikin jirgi da wata na'ura mai danne hawa da saukar lantarkin.