Mabuɗin Baitulmali: Daga Gidan Rumfa Zuwa En'e

Duk wanda ya taɓa tasowa daga Daurawa ko Gyaɗi-Gyaɗi don kallon Hawan Nassarawa ya san abin da ke ɗauke ido: laima, jajayen rigunan dogarai, dawakai cikin ado. Mu ma marubuta nan muke tsayawa. Mukan cika shafi da bayanin soraye da algaita, amma da wuya a ji ɗayanmu ya tambaya daga ina kuɗin ke fitowa, kuma mabuɗin ajiyarsu yana hannun wa.

Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) shi ya gina fadar da ake kira Gidan Rumfa, ya kafa Kasuwar Kurmi da majalisar Tara ta Kano. A zamaninsa Shehu Magili ya zo Kano, ya rubuta masa nasiha kan mulki, har da bayanin hanyoyin da dukiya ta halatta ta shigo wa sarki da inda ya kamata ta tafi. Ke nan tun ana ɗora tubalin fada ake maganar taska.

A wannan zamanin dai, cikin 1492, Garnaɗa ta faɗa hannun sarakunan Sifen, Kolumbus kuma ya isa nahiyar Amurka. Ba a jima ba, a 1503, suka kafa wata ma'aikata a Ishbiliya mai suna Casa de Contratación, wadda ke rubuta duk jirgi da duk azurfar da ta ƙetaro teku. Kason sarki ɗaya bisa biyar ne, wato abin da malamanmu za su kira humusi. Da irin wannan dukiya Sarki Filib na Biyu ya gina fadar El Escorial tsakanin 1563 da 1584. Duk da haka a 1557 da 1575 da 1596 sai da ya dakatar da biyan masu binsa bashi, domin yaƙe-yaƙe sun cinye azurfar tun tana kan ruwa. Fadar tana nan har gobe, masu yawon buɗe ido na ɗaukar hotonta.

Mu dawo gida. Da Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa kowane magidanci na biyan wuri 2,500 kuɗin ƙasa, kowace karofi kuma wuri 700. Hakimai na zaune a birni, jakadu ke zuwa ƙauyuka su karɓo, kowa ya gutsuri nasa kafin saura ya isa ga Ma'aji. Ba a raba aljihun sarki da na ƙasa ba. Daga nan ake sayen dawakai, a ciyar da baƙi da malamai, a aika gaisuwa Sakkwato. Kada mu yi saurin kiran wannan ɓarna. Kyauta ita ce igiyar da sarki ke riƙe jama'a da ita.

Wannan igiya Turawa suka tsinka. Bayan sun ci Kano a 1903 suka naɗa Sarki Abbas, suka tura hakimai su zauna a gundumominsu, sannan tsakanin 1909 da 1911 suka kafa baitulmali a manyan masarautu. Da farko haraji da jangali rabi na gwamnati ne, rabi na En'e. Aka yanka wa sarki albashi, haka alƙali, haka dogari, aka kawo rasit da kasafin shekara wanda sai Razdan ya amince. Sunan na Musulunci ne, littafin lissafin na Ingila. A ganina wannan ya fi faɗuwar ganuwa sauya sarauta, domin wanda ake biya a ƙarshen wata ana iya tambayarsa bayani. Gaskiya kuma, da kuɗin Baitulmalin Kano aka yi asibitin cikin birni da aikin ruwan famfo da makarantu.

Ranar tambayar ta zo a 1962, lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ta naɗa D. J. M. Muffett ya binciki kuɗin En'e ta Kano. Siyasa na ciki, ba shakka, don an daɗe ana zaman doya da manja tsakanin fadar Kano da Kaduna. Amma ta ƙofar baitulmali aka shigo. A 1963 Sarki Muhammadu Sanusi na Ɗaya ya yi murabus, aka tafi da shi Azare.

Sauran ya zo a hankali. Zamanin soja aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidan yari daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa aikin. Daga nan masarauta ta koma karɓar kaso daga kuɗin ƙananan hukumomi, ciki har da Tarauni, kuma gwamnatin jiha ce ke yanke yawansa.