Rufe rauni da hasken leza maimakon ɗinki: mene ne, kuma ina aka kwana?

A asibitin gwamnati na Chereponi, kamar a na Yendi da Salaga da asibitin Presbyterian na Bawku, duk wanda aka yi wa tiyata da allura da zare ake rufe masa fata. Haka abin yake a Tamale da Accra, haka kuma a mafi yawan asibitocin Turai da Amurka. Sai dai fiye da shekara 40 ke nan masana na neman hanyar haɗa fatar da aka yanka da hasken leza, ba tare da an huda ta ba.

Matsalar ɗinki

Ɗinki tsohuwar sana'a ce. Wata takardar likitanci ta tsohuwar Masar, wadda aka rubuta wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa, ta ambace shi. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Andalus da ya rasu wajen 1013, ya yi amfani da zaren hanjin dabba, wanda jiki ke narkarwa da kansa.

Amma duk inda allura ta bi, sabon rauni ne. Zaren baƙo ne a cikin jiki, yana iya jawo kumburi, ƙwayoyin cuta kuma su bi shi su shiga. Idan ba mai narkewa ba ne, dole a koma asibiti a cire: na fuska bayan kamar kwana 5, na ciki da baya da gaɓoɓi kwana 10 zuwa 14. Ga manomin da ke ƙauye kusa da kogin Oti, wannan komawar da damina kuɗin babur ne da asarar yini guda na aiki. Akwai kuma tabon nan mai tudu da ke ci gaba da girma ya wuce inda aka yanka, wanda ya fi yawa ga masu baƙar fata.

Yadda leza ke haɗa fata

Abin da ke ba fata ƙarfi wani furotin ne mai kama da zaruruwa, ana kiransa kolajin. Hanyoyi uku ake bi a sa zaruruwan gefe biyu na rauni su kama juna.

Ta farko kamar walda take. Ana haɗa bakin raunin, a haska masa leza har zafi ya kai wajen digiri 60 zuwa 65 a ma'aunin Salshiyos. A nan kolajin ke warwarewa, idan ya huce sai ya sarƙe da na ɗaya gefen.

Ta biyu ta fi kama da yadda mai gyaran rediyo ke liƙa waya da dalma. Ana shafa albumin, wato furotin da ke cikin jini, sannan a ɗumama shi. Yana daskarewa kamar farin ƙwai a kasko, ya riƙe raunin.

Ta uku ba ta buƙatar zafi. Ana shafa wani jan rini mai suna Rose Bengal, a haska masa koren haske na 'yan mintoci. Rinin ne ke sa zaruruwan kolajin su ƙulla da juna.

Tarihin binciken

Theodore Maiman ne ya ƙera leza ta farko a Amurka a 1960. A 1979 masana biyu, Jain da Gorisch, suka ba da rahoton rufe yanka a ƙananan jijiyoyin jinin ɓeraye da ita. Tun daga lokacin matsala ɗaya ke ta dawowa: in zafi ya gaza, haɗin bai kama ba, in ya yi yawa, naman ya ƙone, tabon ya fi na ɗinki muni.

Farfesa Abraham Katzir na Jami'ar Tel Aviv ya ɓullo wa wannan da na'ura mai zare biyu na haske, ɗaya na kai zafi, ɗaya na auna shi yana daidaitawa. An gwada ta a kan wasu marasa lafiya kaɗan da aka cire wa maɗaciya a Isra'ila. A birnin Boston kuwa, Irene Kochevar da Robert Redmond na babban asibitin Massachusetts ne suka inganta hanyar rini da koren haske. A wani gwaji da aka wallafa a 2012, an raba raunuka 31 gida biyu, rabi aka ɗinke, rabi aka haska. Ɓangaren da aka haska bai yi ja kamar na ɗinki ba, tabonsa kuma ya fi kyau. Sai dai a duka ɓangarorin an fara sa zare ta ƙarƙashin fata. A 2018 masana a Jami'ar Jihar Arizona sun gwada wani manni na siliki da ƙwayoyin zinare a jikin dabbobi.

Me ya hana ta yaɗuwa?

Babban dalili shi ne ƙarfi. A kwanakin farko haɗin leza ba ya jure ja kamar zare, don haka bai isa shi kaɗai ba a babban yanka irin na tiyatar haihuwa ko ta gwaiwa, inda ake ɗinke nama hawa-hawa. Na biyu, sinadarin da ke ba fata duhu yana shanye wasu nau'o'in haske, don haka ma'aunin da ya dace da farar fata ba lallai ne ya dace da baƙa ba. Na uku tsada: na'urar na son wutar lantarki mai tsayawa, da tabarau na kariya, da ƙwararren mai gyara. Zare kuwa yana aiki ko da hasken tocila. Shi ya sa har yanzu fasahar ta fi zama a ɗakunan bincike.

Abin da ake da shi yanzu

Akwai hanyoyin da ba ɗinki ba da aka daɗe ana amfani da su: ƙananan maƙalan ƙarfe, da siraran filasta masu jan bakin rauni, da gam na likita. Amurka ta amince da gam ɗin Dermabond a 1998. Ya dace da ƙaramin yanka mai tsabta, kuma yana ɓarewa da kansa cikin kwana 5 zuwa 10. Gam ɗin kasuwa ba madadinsa ba ne.

Inda haɗarin yake

Ga mazauna Chereponi da maƙwabtansu na Mango a Togo, abin da ya fi kashe mutane ba irin abin da aka rufe rauni da shi ba ne, a'a, abin da ke biyo baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2016 kashi 11 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyata a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita na kamuwa da cuta ta raunin, a Afirka kuma abin kan kai kashi 20 ga matan da aka yi wa tiyatar haihuwa. Wani bincike a ƙasashen Afirka 25 da mujallar Lancet ta wallafa a 2018 ya gano cewa mutuwa bayan tiyata a nahiyar ta ninka matsakaicin duniya.

Don haka shawarar ma'aikatan lafiya ba ta sauya ba: a bar raunin a bushe da tsabta, kada a zuba masa toka, ƙasa ko garin magani, kada a cire zare a gida ko wurin wanzami, a koma ranar da aka sa. Idan aka ga mugunya, wari, zazzaɓi, ko ciwo da kumburi na ƙaruwa, ko raunin ya buɗe, a tafi asibiti nan take, ba sai ranar ta zo ba.