Miskit: itacen da aka kawo don tare hamada, ya koma cin gonakin Sudan

Miskit itace ne mai ƙaya, dangin ƙirya, wanda masana tsirrai suka daɗe suna kira Prosopis juliflora. Asalinsa Meziko ne da Amurka ta Tsakiya da arewacin Amurka ta Kudu. A Sudan yana cikin baƙin tsirrai mafi ɓarna ga noman rani. Wannan ya shafi Hausawan yankin Rufa'a da sauran ƙauyukan Jazira da bakin Nilul Azrak, reshen kogin Nilu da ke gangarowa daga Habasha, domin abincin yawancinsu ya dogara ne ga ruwan magudanai.

Yadda ya shigo

An kawo miskit Sudan a 1917, zamanin mulkin Turawan Ingila, daga Masar da Afirka ta Kudu, aka fara dasa shi a Shambat, kusa da Khartoum. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, hukumar gandun daji da ƙungiyoyin agaji suka yaɗa shi don tare rairayi da samar da itacen girki. Ya yi aikin da aka kawo shi dominsa, amma bai tsaya inda aka dasa shi ba. Ya mamaye filayen noma na Tokar da Gash da Sabuwar Halfa a gabashin ƙasar, har a 1995 gwamnati ta ayyana shi a matsayin muguwar ciyawa, ta ba da umarnin kawar da shi.

Abin da ke ba shi ƙarfi

Saiwarsa na nutsewa mita da dama har ta tarar da ruwan ƙasa, shi ya sa yake kore shar a tsakiyar rani. 'Ya'yansa na da zaƙi, awaki da raƙuma da shanu na son su. Ƙwayar irin tana da tauri, ba ta narkewa a cikin dabba. Takan fito cikin kashi a shirye ta tsiro, ga taki a tare da ita. Ruwa ma na ɗaukar ta. A tsari irin na Jazira, wanda madatsar Sennar ke shayarwa tun 1925, ruwa na bi daga babbar magudana zuwa ƙanana har ya kai Abu Ishirin da ke bakin kowace hawasha, don haka itace ɗaya a bakin ruwa na iya raba iri ga gonaki masu yawa. Irin kuma yakan yi shekaru a ƙasa bai mutu ba. In aka sare itacen daga sama, kututturen sai ya toho da rassa fiye da na da.

Ɓarna da amfani

Inda ya yi duhu yakan toshe magudanai, ya rufe burtali da mashaya, ya hana ciyawa fita. Ƙayarsa na huda ƙafar mutum da ta dabba da tayar mota. Dabbar da ta daɗe ba ta cin komai sai 'ya'yansa kan samu lalacewar haƙora da muƙamuƙi, ta rame. Wani bincike da aka wallafa a 2017 kan ƙauyukan Bandiagara a Mali ya nuna cewa sauron zazzaɓin cizon sauro na shan zaƙin furensa lokacin rani, kuma da aka cire furannin sauron ya ragu da fiye da rabi.

Duk da haka gawayinsa na da kyau, ana yin shinge da shi, ƙudan zuma na son furensa. A gefen Tafkin Chadi, wajen N'Guigmi a Nijar, ya rufe wuraren da ruwa ya janye, inda masu itace ke cin moriyarsa, masunta da manoma na kuka da shi.

Yadda ake shawo kansa

Darasin da Sudan ta koya shi ne, tumɓuke shi da manyan injina na cin kuɗi, kuma in ba a noma filin nan take ba, yakan dawo daga irin da ke kwance a ƙasa. Abin da ya fi tasiri bai fi ƙarfin manomi ba. A cire tsiron tun yana ƙarami, bayan ban ruwa, lokacin da ƙasa ke da laushi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Babban itace a haƙe shi, a yanke saiwar aƙalla santimita 30 a ƙarƙashin ƙasa, domin daga wuyan saiwar yake tohowa. A tattara 'ya'yan a niƙa su a gauraya da dusa kafin a ba dabbobi, tun da niƙa na kashe irin. Dabbar da ta yi kiwo cikin miskit a tsare ta 'yan kwanaki kafin a sake ta cikin gona.

Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023, ya kuma iso Jazira a watan Disamba na shekarar, ya raba manoma da yawa da gonakinsu. Gonar da aka bari ba noma da magudanar da ba a yashe ba, su ne wuraren da miskit ya fi saurin kamawa. Mai komawa hawasharsa zai yi kyau ya fara duba bakin magudana da gefen gona kafin ya zuba iri.