Wowwo da Cika-ciki: Daga Ina Muka Samo Su?

Duk wanda ya kalli finafinan Indiya a cikinmu, kamar Sholay na 1975, ya ga bikin nan da ake watsa wa juna garin launi, watau Holi. Labarin da mabiya addinin Hindu ke bayarwa shi ne, wani azzalumin sarki, Hiranyakashipu, ya ce shi za a bauta wa, ɗansa Prahlad ya ƙi. Sai 'yar'uwar sarkin, Holika, wadda aka ce wuta ba ta cin ta, ta rungumi yaron ta shiga wuta da shi, ita ta ƙone shi ya fita lafiya. Don haka suke hura babbar wuta a daren jajibiri, kashegari a yi wasan launi, inda matar wa da ƙanen miji ke tsokanar juna ba mai fushi. Wuta da dare, wasan dangi da rana. Bagobiri ba ya bukatar tafinta a nan, domin mu ma muna da namu, wowwo.

Ga ƙanne da suka taso ba su tarar ba, wowwo a watan Muharram ake yi, daren goma ga wata. Magidanta su tanadi abinci fiye da na kullum, a yanka kaji, a fito da abin da aka adana na ragon layya, kowa ya ci har ya ture. Shi ne cika-ciki. Iyayenmu mata kan tsorata mu cewa wanda bai ƙoshi ba a daren, da yunwa zai ƙare shekara. Bayan an ci, mu yara mu ɗaure kara ko ciyawa mu kunna, mu yi ta kewaya unguwa muna jifa. Na san akwai abokan karatunmu na Isa da Sabon Birni da har yau ke ɗauke da tabon wannan dare.

A ganina abubuwa uku ne suka haɗu a rana ɗaya, kuma ba gidansu ɗaya ba. Azumin Ashura asalinsa a fili yake: da Annabi (SAW) ya isa Madina a 622 ya tarar Yahudawa na azumtar ranar da Allah ya tserar da Annabi Musa daga Fir'auna, ya azumta, ya yi umarni a azumta. Tukunya kuwa da jirgin Annabi Nuhu ake danganta ta. An ce a wannan rana ya tsaya a dutsen Judi, aka tattara ragowar guzuri aka dafa, aka ci aka ƙoshi. Malaman hadisi da yawa sun raunana ruwayar da ta sa tsayawar jirgin a ranar Ashura, amma labarin ya yi tafiya mai nisa. A Turkiyya har yau ana haɗa hatsi da wake da busassun 'ya'yan itace a dafa, a raba wa maƙwabta da sunan abincin Nuhu. A Senegal dambun gero ake ci a daren Tamkharit. Yarbawan Epe a Jihar Legas suna kiran nasu Kayokayo, ma'anarsa a ci a ƙoshi.

Wuta ita ce mai wuyar sha'ani, domin ba ta cikin littafi. Dagombawa na Yendi da Tamale a Ghana suna bikin Bugum a wannan wata, kuma labari biyu suke bayarwa. Wasu su ce mutanen jirgin Nuhu ne suka kunna wuta da suka sauka cikin duhu, wasu su ce ɗan wani sarki ne ya ɓace, aka fita nemansa da wuta aka same shi yana barci a gindin itace. Nufawa na da Navu, wanda S. F. Nadel ya bayyana a littafinsa na 1954. Idan al'ada ɗaya tana yawo da labari daban-daban daga gari zuwa gari, ni dai ina zaton ta girmi labaran, daga baya aka ɗinka mata riga. Kada mu manta Alƙalawa, wadda kufanta ke nan cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni, gari ne da malamai da Inna shugabar 'yan bori suka zauna a fada ɗaya har faɗuwarta a 1808.

Abin da na fi jin ciwon rasawa shi ne kuɗin shara. A wannan wata ne taubasai, ɗan mace da ɗan namiji, ke bin juna bashi, jikoki su tasa kakanni gaba. Haka tsakanin ƙabilu: Fulani da Barebari, Kanawa da Zazzagawa, mu kuma da Yarbawa. Samuel Johnson, a tarihin Yarbawa da aka buga a 1921, ya kawo cewa Oduduwa da sarkin "Gogobiri" duk 'ya'yan Lamurudu ne, har ya kafa hujja da kamannin zanen fuska. Ko labarin ya inganta ko bai inganta ba, ya yi aiki. Bayarbe mai shago a kasuwar Sabon Birni ba baƙo ba ne, taubashi ne, ka ce masa bawanka ya ce kai ne nasa, a yi dariya a rabu. Masu cewa a bar jifa da wuta ban ga laifinsu ba, don ta sha cin rumbu da shinge. Amma da aka tashi shara sai aka haɗa har da zumuncin aka kwashe.

Abin da wa'azi ya rage kuma, 'yan bindiga sun ƙarasa. A watan Mayu na 2020 an kashe fiye da mutum 70 a rana ɗaya a Garki da ƙauyukan da ke kewaye, dubbai suka tsallaka zuwa yankin Gidan Runji a Jihar Maraɗi. Wanda ya ga haske cikin dare a irin waɗannan ƙauyuka gudu zai yi. Ina roƙon duk ɗan ƙungiya da ke da sauran tsoho a gida ya zauna da shi ya rubuta yadda ake wowwo a garinsu, da waƙoƙin da yara ke yi, ya aiko wa editan wannan mujalla kafin fitowa ta gaba.